Tambaya: wai mece ce "ranar suna" a wajen mutanen Poland, kuma sunayen nan nasu suna da ma'ana kuwa?

Abba_Sharada

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san mutanen Poland ko ya taɓa zama a can ya warware min wani abu. A kamfanin robobin da nake aiki a Sharada an kawo sabbin injina, waɗanda suka sayar mana sai suka haɗo mu da injiniyansu ɗan Poland ya zo ya kafa ya kuma koya mana, ni aka haɗa shi da ni tunda ni ne a ɓangaren lantarki. A takarda sunansa Wojciech amma shi ya ce mu riƙa ce masa Voitek, yaran wajen kuwa tuni sun mayar da shi Baitek, har mai shayin bakin get haka yake kiransa. To ranar 23 ga Afrilu tun safe wayarsa ba ta huta ba, wannan ya kira wancan ya kira, har da wata tsohuwa ina jin mahaifiyarsa ce ta kira ta bidiyo su da yawa suna ta rera masa waƙa, da rana kuma sai ga shi da kwalin cakulan yana bi yana raba wa kowa har masu shara. Na ce masa ranar haihuwarka ce? ya ce a'a wannan sai Nuwamba, yau ranar sunansa ce. Ni dai a sanina ranar suna ita ce kwana bakwai da haihuwa a yanka rago a raɗa suna a ci a watse, to mutum da furfura a gemu wane suna kuma ake yi masa? Turancinsa ba wani mai yawa ba ne nawa ma haka, da ya fara bayani sai ya nuno min kalanda a wayarsa mai sunaye a ƙarƙashin kowace rana, ni dai na gyaɗa kai kawai.

Na biyu akwai wata a ofishinsu da take turo mana takardun kaya, a sama an rubuta Joanna amma a ƙasa sai ta sa hannu da Asia, kuma sunan gidansu ya ƙare da ska alhali na ogansu da aka ce mijinta ne ya ƙare da ski. Sannan yaya zan riƙa kiran mutumin nan cikin girmamawa, don ya kusa haifata ina jin nauyin kiran sunansa gatsal.

Dan_Barca_Fagge

Hhhh Baitek! Wallahi Kanawa ba ku da dama. Abba ai sunan golanmu na Barcelona ke nan, Wojciech Szczęsny, wanda ya ajiye ƙwallo muka je muka taso shi a 2024 ya zo ya tsare mana raga. Maganar ski da ska kuwa ko a gidan kallo an san wannan, Robert Lewandowski matarsa Anna Lewandowska, namiji ski mace ska amma gida ɗaya ne. Akwai ma wanda ya yi Dortmund, Jakub Błaszczykowski, shi Kuba kawai aka rubuta masa a bayan riga aka huta, to ka ga su ma suna da sunan gida irin namu. Ni abin da na ji a majalisarmu wai duk mai ski a ƙarshen suna jinin sarauta ne shi ya sa Lewa yake da kwarjini. Kuma kar ku manta ɗanmu ma ya buga musu, Emmanuel Olisadebe, har gasar cin kofin duniya ta 2002 ya ci musu ƙwallo a ragar Amurka, shi dai ba su ƙara masa ski ba.

Injiniya_Kabuga

Wa alaikumus salam Abba. Na yi digirina na biyu a garin Łódź, a baki Wuc ake faɗa, daga nan ma ka san rubutunsu da furucinsu sai an koya. Bari na fara ba ka makullin karatun don shi ne yake sa sunayen su yi kama da abin tsoro: w ɗinsu v ce, ł mai sanda w ce, j ɗinsu y ce, sz shi ne sh, cz kuma shi ne c ɗinmu na Hausa kamar a cikin ciki, c ita kaɗai kuma kusan ts. Saboda haka Jan Yan ne, Szczęsny kuma Shcensni, Asia ɗin da kake gani ba nahiyar Asiya ba ce ba kuma Asiya tamu ba, Asha ake faɗa.

Abin da mutuminka ya yi sunansa imieniny. Su mafi yawansu 'yan Katolika ne, a kalandar coci kowace rana akwai waliyyin da ake tunawa da shi, to duk wanda aka sa wa sunan wannan waliyyin ranar tasa ce duk shekara har ya mutu. 23 ga Afrilu ta Wojciech ce, 19 ga Maris ta Józef, 24 ga Yuni ta Jan, 26 ga Yuli ta Anna, 8 ga Mayu ta Stanisław. Ba sai kai mai zuwa coci ba ne, ya riga ya zama al'ada, kalandar bango da ake sayarwa da jarida duk za ka ga sunayen ranar. Wajen manya irin sa'annin mutuminka wannan ranar ta fi ranar haihuwa daraja, kuma in ka duba akwai dabara a ciki, ba sai ka tambayi mutum shekararsa ba balle mace ta ɓata rai, kuma ba ka da uzurin cewa ba ka sani ba tunda ka san sunansa kuma ga kalanda. Yaran yanzu dai sun fi karkata ga ranar haihuwa. Shi mai ranar shi ne yake kawo kek ko alawa wajen aiki, abokan aiki su haɗa kuɗi su saya masa fure ko wata 'yar kyauta, da yamma 'yan uwa su cika gida. Sakatariyar sashenmu sunanta Barbara, ranar 4 ga Disamba teburinta har ba a ganin kwamfuta don furanni, kuma furen ma ƙirga shi ake, uku ko biyar ko bakwai, mai cif-cif irin huɗu ko shida na jana'iza ne. Waƙar da ka ji kuwa Sto lat ce, fatan shekara ɗari suke masa.

Wasu ranakun ma sun fi ƙarfin masu sunan sun zama na gari gaba ɗaya. Ita ranar Barbara ɗin ita ce ranar masu haƙar kwal, a yankin Silesiya za ka gansu da baƙaƙen kayan fareti da hula mai gashin tsuntsu ana busa tun da sassafe. Daren 29 ga Nuwamba, jajiberin ranar Andrzej, matasa suna taruwa su narka kakin kyandir su zuba ta ramin makulli cikin ruwan sanyi wai su ga siffar wanda za su aura, duba dai ta wasa. Daren shiga sabuwar shekara kuma ba su da wani suna da suke kiransa sai Sylwester, don 31 ga Disamba ranar wani Fafaroma ce mai wannan sunan.

Maganar Joanna da Asia mutum ɗaya ce. Kusan kowane suna yana da na gida kuma wani ba ka isa ka gano asalinsa ba sai an faɗa maka, yadda baƙo ba zai taɓa cewa Garba Abubakar ne ba ko Indo A'isha ko Kulu Hauwa. Aleksandra ita ce Ola, Małgorzata Gosia, Katarzyna Kasia, Barbara Basia, Zofia Zosia, Jerzy Jurek, Tomasz Tomek, Stanisław Staszek, Jakub Kuba kamar yadda ɗan Barca ya faɗa, Wojciech kuma Wojtek. Har mataki-mataki ne, Jan a takarda, Janek wajen abokai, Jaś ko Jasiu a bakin kakarsa. In ta sa maka hannu da Asia to ta saki jiki da kai ne.

Girmamawa kuma da Pan ake yi wa namiji, Pani wa mace, kamar dai Malam da Malama. Amma yarensu yana lanƙwasa ƙarshen suna gwargwadon aikinsa a jimla, hanya bakwai, ɗaya daga ciki ta kira ce. In za ka kira shi sai ka ce Panie Wojciechu, wato Panye Voicehu, in kun ɗan saba Panie Wojtku, wannan ita ce daidai da matsayinku, akwai ladabi akwai sabo. Kar ka haɗa Pan da sunan gidansu in kana kiransa, yana fita kamar oga na kiran yaronsa. Suna kuma son laƙabin aiki kamar mu, Panie inżynierze ga injiniya, Panie doktorze ga likita. Wannan lanƙwasar ce ta sa in ka ji mai sharhin ƙwallonsu sai ka ji yana Lewandowskiego, Lewandowskiemu, duk mutum ɗaya ne.

Maman_Walida

Ikon Allah, sannu da ƙoƙari Injiniya. Ni abin da ya tsaya min shi ne wannan ska ɗin, wato dole ne mace in ta yi aure ta yar da sunan mahaifinta ta ɗauki na gidan miji? Don ni ko a nan ba na son abin da 'yan bokonmu suka ɗauko, ana ɗaura aure sai ka ga an canza suna a Facebook, alhali mu mace da sunan ubanta take tafiya har kabari. Sannan suna yi wa iyaye takwara kuwa? In sun yi to ya suke da alkunya, ni 'yata sunan surukata gare ta shi ya sa muke ce mata Walida, babu mai iya buɗe baki ya kira sunan a gidan nan ko babanta. Su 'yan biyu fa akwai irin su Hassan da Usaini da Gambo? Kuma ba ku amsa wa yaron nan maganar ma'ana ba, ni ma ita nake jira don duk sunan da na gani sai sław sław kamar an haɗa baki.

Malam_Bashir_Tarihi

Salamu alaikum. Hajiya ga maganar ma'ana. Sunayensu gida biyu ne manya, na gargajiya da suka gada tun kafin Kiristanci da kuma na addini da suka shigo daga baya, kusan yadda muke da su Tanko da Kande da Nomau a gefe guda, su Muhammadu da Ibrahim a ɗaya gefen. Sarkinsu Mieszko na ɗaya ya karɓi Kiristanci a 966, daga nan ake ƙirga kafuwar ƙasar ma. Kafin nan sunan ƙabilun Silab, waɗanda 'yan Poland suke cikinsu, kalma biyu ake haɗawa ta zama fata ga yaro, kuma sław ɗin da kike ta gani ɗaukaka ce ko shahara. Stanisław wanda zai zama mai ɗaukaka, Władysław mulki da ɗaukaka, Bolesław ɗaukaka mai yawa, Mirosław zaman lafiya da ɗaukaka, Bronisław mai kare ɗaukaka, Radosław murna da ɗaukaka, in mace ce a ƙara a, Stanisława, Bronisława. Bóg shi ne Allah a yarensu, sai ka samu Bogdan wanda Allah ya bayar, Bogumił abin ƙaunar Allah, Bogusław, da Bożena ta mata. Zbigniew mai kawar da fushi. Baƙon Abba kuma Wojciech, woj mayaƙi ciech farin ciki, mai murna da fagen fama ke nan. Wanda ya fi ba ni dariya Kazimierz, masana harshe sun fi tafiya a kan cewa mai ɓata zaman lafiya yake nufi, wato na abokan gaba, wasu kuma suka fi son su ce mai shelar zaman lafiya, ga shi kuma sunan sarkinsu da suke kira Babba ne, wanda ya yi mulki daga 1333 zuwa 1370 ya kafa jami'ar Kraków a 1364.

Da coci ta yi ƙarfi, musamman bayan babban taron cocin Katolika na garin Trent da aka yi tsakanin 1545 da 1563, sai aka matsa a riƙa sa sunan waliyyai wajen baftisma, sunayen gargajiya da yawa suka kwanta. Waɗanda suka tsira da ƙarfinsu su ne waɗanda masu su suka zama waliyyai da kansu: Wojciech bishop ne da aka kashe a 997 yana wa'azi cikin arnan Furusiya, kabarinsa na Gniezno, Stanisław kuma bishop ɗin Kraków ne da aka kashe a 1079 a rikicinsa da sarki Bolesław na biyu. Sai kuma abin ya juyo. Rasha da Furusiya da Ostiriya suka yanyanka ƙasar suka raba a 1772 da 1793 da 1795, babu Poland a taswira shekara 123 sai 1918, to a wannan tsakanin ne kishin ƙasa ya sa aka koma aka tono tsofaffin sunayen, sa wa ɗanka sunan kakanni ya zama hanyar cewa har yanzu muna nan. Irin su Lech, wanda a tatsuniyarsu shi ne ya kafa ƙasar, shi da 'yan uwansa Czech da Rus, ya ga farar mikiya a sheƙarta ya ce nan zai zauna, ita ce mikiyar da ke jikin tambarinsu, Bayajiddansu ke nan. Har ƙirƙira aka yi, Grażyna babu shi kafin mawaƙinsu Adam Mickiewicz ya sa wa jarumar waƙarsa a 1823, daga kalmar kyakkyawa a yaren Lituweniya.

Na addinin kuwa rabinsu namu ne rubutu ne ya ɓoye su. Jan Yahaya, Józef Yusuf, Jakub Yakubu, Dawid Dauda, Ewa Hauwa, Michał Mika'ilu, Anna Hannatu, Maria Maryam. Na Girkanci da Latin kuma, Piotr dutse, Paweł ƙarami, Andrzej namijin gaske, Jerzy manomi, Zofia hikima, Małgorzata lu'ulu'u, Agnieszka tsarkakakkiya, Barbara baƙuwa, Dorota kyautar Allah, Krzysztof mai ɗauke da Almasihu. Wani abu da ya saɓa da namu, mu ƙauna ce take sa mu cika gida da Muhammadu da Maryam da Isa, su kuma girmamawar ce ta sa ba sa sa wa yaro Jezus sam, Maria ma an daɗe ana kauce masa ana sa Marianna a madadinsa, har yau uwar Annabi Isa ita kaɗai ake ce wa Maryja, sauran mata Maria. Kuma namiji kan ɗauki Maria a suna na biyu, tsohon shugaban ƙasarsu Bronisław Maria Komorowski ne cikakken sunansa.

Ɗan Barca, majalisarku ta faɗi rabin gaskiya. Asalin ski na masu ƙasa ne, mai gidan Tarnów sai a ce masa Tarnowski, daidai da yadda muke da su Gwarzo da Bichi da Dambatta a ƙarshen suna, amma daga baya talakawa ma duk suka ɗauka saboda ya fi daɗin ji, yanzu ba ya nuna komai. Kowalski daga kowal ne, maƙeri, kuma Jan Kowalski shi ne wane ɗan wane nasu da ake rubutawa a samfurin fom. Wanda ya fi kowane yawa ma ba shi da ski, Nowak, sabon zuwa, mutum wajen dubu 200 ke amsa shi. Wójcik daga wójt ne mai gari, masu wicz a ƙarshe kuma ɗan wane ake nufi. Akwai ɗan wasan da ya yi Genoa da AC Milan, Krzysztof Piątek, piątek Juma'a ce, Ɗanjuma ne sak.

Kuma akwai Musulmi 'yan asalin ƙasar, Tatar, tun ƙarni na 14 suke yankin. Sarki Jan Sobieski na uku ya ba su filaye a 1679 a madadin albashin soja da suke binsa, ƙauyukan Bohoniki da Kruszyniany kusa da iyakar Belarus, masallatansu na katako suna nan har yau. Su liman ne yake kiran salla a kunnen jariri ya raɗa suna, bikin ma azan suke ce masa, amma sunan gida irin na maƙwabta ne, muftinsu na farko da aka naɗa a 1925 Jakub Szynkiewicz sunansa. Sukan so sunan da zai shiga ko'ina, Adam, Jakub, Dawid, ga kuma su Mustafa da Selim da Dżemila.

Dan_Barca_Fagge

To Malam an ji, amma don Allah kar wannan magana ta fita, in 'yan Madrid ɗin layinmu suka ji Lewa ba ɗan sarki ba ne mun shiga uku. Ɗanjuma Piątek kuwa na ɗauka yau sai na ci wani da shi a musu.

Injiniya_Kabuga

Allah ya ƙara sani Malam. Hajiya ba dole ba ne, a wajen ɗaurin aure kowanne yana da zaɓi, ya riƙe nasa ko ya ɗauki na ɗayan ko ya haɗa biyu da 'yar sanda a tsakani, har mijin ma yana iya ɗaukar na matar, sai dai gaskiya mafi yawan mata na miji suke ɗauka. Mai haɗa biyun da kowa ya sani ita ce Maria Skłodowska-Curie da ta ci kyautar Nobel a 1903 da 1911, mahaifinta Skłodowski ita Skłodowska, Curie na mijinta Bafaranshe. Sunan da ba ski ba irin Nowak ba ya canzawa a takarda, amma tsofaffi za ki ji sun ce Nowakowa matar Nowak, Nowakówna 'yarsa.

Takwara suna yi sosai, galibi a suna na biyu ake sa kaka ko wanda ya tsaya wa yaro a baftisma, amma alkunya irin tamu babu, uwa za ta ƙwala wa ɗan fari kira da sunansa a tsakiyar kasuwa ko a jikinta. Ni abin ma ta kaina ya biyo, wajen buɗe asusun banki matar ta tambaye ni sunan mahaifiyata da sunan gidansu kafin ta yi aure, haka fom ɗinsu yake, ga layi a bayana ni kuma tunda nake ban taɓa furta sunan Hajiya a bainar jama'a ba, sai na karɓi biro na rubuta mata a gefen takarda na tura, tana ta kallona. Sai kuma bayanin me ya sa sunana na ƙarshe sunan gari ne, na yayana kuma sunan kakanmu, ga shi uwa ɗaya uba ɗaya, su a wajensu sunan gida abu ne da ake gada ɗaruruwan shekaru ba ya motsi.

'Yan biyu ba su da suna na musamman, tagwayen da suka riƙe ƙasar ma Lech da Jarosław Kaczyński ne, ɗaya shugaban ƙasa ɗaya firaminista a 2006 zuwa 2007. Tomasz dai asalin ma'anarsa ɗan tagwaye ne amma kowa ake sa wa. Abin da ya fi kusa da su Talatu da Azumi shi ne a ƙauye da can sai a duba waliyyin ranar da aka haifi yaro a ce ya zo da sunansa.

Raɗin suna kuma a ofishin rajista ake yi ba a ƙofar gida ba, iyaye suna da kwana 21, in suka yi sakaci shugaban ofishin ya zaɓa wa yaron da kansa. Ba a wuce suna biyu, ba a yarda da na ban dariya ko na batsa ba, ba a kuma rubuta na gida irin Kasia a matsayin sunan yanka. Tun 2015 aka sassauta ana karɓar sunayen waje. Amma duk da haka tsofaffin ne suka dawo yayi, jariran yanzu Antoni, Jan, Franciszek, Zofia, Hanna, Zuzanna, sunayen kakanni dai, yayin da Anna da Piotr da Krzysztof suka fi yawa a cikin manya. Wasu sunayen kuma intanet ta ɓata musu suna, Janusz ya zama mutum mai gashin baki da safa cikin sandal mai son banza, matarsa Grażyna, 'ya'yansu Brajan da Dżesika, masu sunan na gaskiya abin yana ƙona musu rai don haka Abba kar ka yi wannan wasan da wanda ba ku saba ba.

Abba_Sharada

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, Malam da Injiniya kun gama min komai. Panye Voitku, na rubuta a bayan hannuna. Tunda ranar ta wuce ban ba shi komai ba ina ga zan shiga Kurmi na samo masa jakar fata ko hula kafin ya tafi, Injiniya hakan ba laifi ko?

Maman_Walida

Ka haɗa masa da kilishi yaro. Injiniya saura ɗaya, sunaye ai sun fi kwanakin shekara yawa, kuma wanda aka sa wa sunan waje da babu shi a kalanda fa shi ke nan ba shi da rana?

Injiniya_Kabuga

Abba ba laifi zai ji daɗi, sai dai ka sani a gabanka zai buɗe, haka suke yi ba zalama ba ce. Kilishin kuma ya cinye shi a nan Hajiya, ba a barin a shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama a jaka, a filin jirgi za a karɓe. Rana ɗaya takan ɗauki sunaye da yawa, 23 ga Afrilun ma Wojciech da Jerzy ne suke raba ta. Suna ɗaya kuma yakan fito sau da yawa a shekara, Jan da Maria ba a magana, to a al'ada wadda ta fara zuwa bayan ranar haihuwarka ita ce taka, ko iyaye su tsayar maka da ɗaya. Wanda babu nasa kuma ko ya laɓe a sunan da ya fi kama da shi ko ya yi da sunansa na biyu, in duk babu ya haƙura da ranar haihuwa. Ni abokan ajinmu 19 ga Maris suka ba ni da suka ji sunana Yusuf, wai dole sai na kawo kek, na kai musu dabino.